Shekarar da Gwaggo Kaltume Ta Karɓi Riƙon Yayarku

Sani, Aminu, da ke autata Maryam, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa Inna ba ta da godiya, duk lokacin da aka yabi Gwaggo Kaltume sai ta ɗaure fuska ta tashi duba tukunya, ko da babu komai a kan wuta. Kuna kuma cewa ban damu da yayarku kamar yadda na damu da ku ba, tunda na iya ba da ita tana ƙarama. Maganar farko akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ta biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ita ce ma ta sa na ɗauki biro da idanun nan nawa da suka fara gajiya. Gwaggo Kaltume ba ta taɓa cutata ba, ku riƙe wannan tun daga farko. Kishinta nake yi. Na yi shi shekara da shekaru, har yau kuma bai sake ni ba. Ba gafarar kowa nake nema ba, so nake ku san yadda aka yi.

Mun zo Yawunde daga Azare, ni da babanku da kan keken ɗinki guda naɗe cikin bargo. Yayarku tana riƙe da bakin zanena, Sani yana goye. Ɗakin da muka fara samu a Birik, wato unguwar nan tamu ta Briqueterie, yana can gangare ne a bakin lambatu, inda duk ruwan da ya sauka a kan tudu yake zuwa ya kwana. Ku da kuka buɗe ido kuka ga siminti ba ku san wannan ba. Ruwan garin nan ba irin na gida ba ne da zai yi damina ɗaya ya tafi a huta, sai ya tafi ya dawo kamar ya yi mantuwa. Da hadari ya haɗu sai mu ɗora tabarma da buhun gari a kan gado, yara su hau kai, ni in tsaya da kwano ina kwashe ruwa ina zubarwa, yana dawowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sani ya yi tari a ɗakin nan har na fara fid da rai da shi. Shi ya sa da aka ce wani ya tashi daga gidan Gwaggo Kaltume da ke kan tudu, ban jira babanku ya gama shawara ba na fara ɗaure kaya.

Gwaggo Kaltume 'yar wan kakan babanku ce, ta wajen uba, don haka a wurina suruka ce. A nan Yawunde aka haife ta, mahaifinta ya zo fataucin goro tun da daɗewa bai koma ba. Tana da shagon atamfa a kasuwar Mokolo, tana da haƙorin Makka, tana da gida mai ɗakuna zagaye da tsakar gida da famfo a tsakiya. Faransanci a bakinta yake, haka Fulatanci, haka yaren mutanen garin, in ta yi ciniki da ke sai ki biya kina yi mata godiya. Abu ɗaya Allah bai ba ta ba, haihuwa. Kada ku ɗauka zumunci ya sa ta zaunar da mu kyauta. Ranar da muka shigo ta nemi kuɗin watanni a gaba, kamar yadda kowane mai gida yake yi a garin nan, da babanku ya fara sosa ƙeya sai ta yi dariya.

"Idi, kai ɗana ne, babu musu. Amma mai gyaran rufi ba ɗana ba ne, kuɗi yake karɓa."

Ban ga laifinta ba. Abin da ya dame ni shi ne duk gidan nan mu kaɗai ne muke ci daga hannu ɗaya. Babanku tela ne mai surfani, yana zaune a shagon wani yana biyan kuɗin wurin da kekensa yake tsaye. In Sallah ta gabato ba ya ganin gabansa don aiki, in ta wuce sai ya wuni yana goge keken da babu ƙura a kansa. Ni a gida ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma a nan ba jari, ba yare, ba ko gefen da zan ajiye faranti. Ƙofar gidan ta Adda Jenabu ce, wata mutuniyar Marwa da take soya benye, ɗan fanken nan da yara suke saye da safe, ta riga ni wurin da shekaru. Mijinta yana gadi, ita tana suya, in nasa ya makara nata ya rufa asiri. Nakan zauna ina kallonta tana juya mataci a cikin mai, wallahi har baƙin kaskonta nake yi wa hassada.

Shekarar da nake ba ku labari, watan Satumba ya same mu a mummunan hali. Sallah ta wuce da nisa, haya ta taru mana, ina ɗauke da cikin Aminu, ga kuma rantire, lokacin komawa makaranta, da yake tayar da hankalin kowane gida a garin nan. Yayarku ta riga ta wuce shekarun shiga lekol, wato makaranta. Kullum da safe takan tsaya a zaure tana kallon yara suna wucewa da jakunkuna a baya, ta bi su da ido har su sha kwana. Ana cewa makarantar gwamnati kyauta ce, to kyautar a baki take. Akwai tenu, wato kayan makaranta, akwai littattafai, akwai kuɗin ƙungiyar iyaye, akwai takardun da ake nema a wurin baƙo waɗanda ba a nema a wurin ɗan ƙasa. Wata rana bayan la'asar babanku ya dawo ya zauna a bakin gado, bai ko cire hula ba.

"Zulai, abu biyu ne, ɗaya kaɗai aljihuna zai ɗauka. Ko mu zauna a nan yarinyar ta ƙara shekara a gida, ko mu koma gangare ta shiga lekol."

"Gangare kuma, da tarin Sani, da wannan cikin?"

"To, ki zaɓa, ni kaina ya ƙulle."

A gidan haya ko tari ka yi maƙwabci ya san irinsa. Washegari Gwaggo ta aiko mu je. Muka same ta a falo tana shan shayi, ta bar mu muka gama gaisuwa, sannan ta ajiye kofi.

"Ku ba ni Hindatu. Lekol ɗinta, tenunta, cinta da shanta, duk a wuyana. Ku ku ji da haya da sauran yaran. Ba wani gari zan kai ta ba, ga ku ga ta."

Sai na yi muku bayani a nan, don ku 'yan Yawunde ne, abin da muke ɗauka ladabi ku kuna ganinsa ƙauyanci. A gida riƙo ba abin kuka ba ne. Ni kaina a hannun ƙanwar babana na girma. Sannan yayarku 'yar fari ce, mu kuma an tashe mu da kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yabonsa, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi kai ka kau da kai. Na dangi ne, kai dai ka haifa. Ita ma ba ta ce mini Inna kamar ku, Yaya Zulai take ce mini, yadda ta ji ƙannen babanku suna faɗa a Azare. To mace irina, a gaban surukarta, a kan 'yar fari, da wane baki za ta ce a'a? Ko ma da bakin, me zan ce, in koma da Sani cikin ruwa? Na sunkuyar da kai na ce Allah ya saka da alheri. Da hankalina na yi, ko yau aka sake ajiye mini zaɓin nan abin da zan ɗauka ke nan.

Abin da ban lissafa ba shi ne tsakar gida. A Azare in an karɓi riƙon ɗa tafiya ake da shi wani gari, ka yi kukanka a ɓoye wata ɗaya ka haƙura. Ni kuwa tsallaka tsakar gida kawai aka yi da tawa, komai a kan idona. Gwaggo ba ta sa ta a makarantar gwamnati ba, ta kai ta ta kuɗi a Messa. Ranar farko ina wanke-wanke a famfo suka fito, yayarku cikin tenu mai ruwan bula da farar safa, Gwaggo ta durƙusa da wannan jikin nata tana ɗaure mata igiyar takalmi. Da ta gama ta kama fuskarta da hannu biyu ta sumbaci goshinta a gaban kowa. Ita ba abin da ya hana ta, ba ita ta haifa ba. Ni da na yi naƙudarta kwana biyu ban taɓa yi mata haka ba. Na ci gaba da dirzar tukunya har sai da Adda Jenabu ta ce in bar ta haka kada ta huje.

Daga nan na zama mai gadin ƙofar Gwaggo ba tare da an ɗauke ni aiki ba. Na san lokacin da take tashin ta, na san irin sabulun da take mata wanka da shi don ƙamshinsa yana biyo ta in ta wuce. Da yamma in Gwaggo ta dawo daga Mokolo sai su zauna a baranda, yarinyar tana kan cinyarta tana karanta mata abin da aka koya musu. Kafin wata uku suka fara hira da Faransanci, su faɗi abu su tuntsire da dariya, ni ina tsintar shinkafa ban san ko ni ake yi wa ba. Na san ba ni ba ce, amma da ni ɗin ce ma da ya fi mini sauƙi, ko ba komai ina cikin zancen. Na koma share tsakar gida sau uku a rana, kullum sharar tana ƙarewa a gindin barandar nan. Adda Jenabu, wadda a Hausarta kowa namiji ne, ta tare ni wata rana.

"Zulai, wannan shara da kake yi, ƙasa ya ƙare, saura siminti. Kai kishi kake yi."

"Kishin me, Adda? Ina cewa taimakona aka yi."

"Taimako ne mana. Amma ni na haifi shida, na san ido na uwa."

Abu ɗaya na riƙe a matsayin nawa, kitso. Ran Asabar nakan kira ta, ba da suna ba, in ce ke zo nan, ta zauna tsakanin ƙafafuna. A wannan sa'ar babu mai cewa na yi rashin kunya don na taɓa kanta, aiki nake yi. Nakan ja kitson ya yi tsawo da gangan, in tsefe layin da babu abin da ya same shi in sake. Wata Asabar na zauna na yi mata shuku ƙanana, irin wanda uwata take yi mini, har yatsuna suka ƙage. Ran Lahadi da yamma sai ga ta ta shigo da wani kitso dabam, an ja shi baya da zare, an jera duwatsu masu launi a bakinsa. Ta zo da gudu ta nuna mini tana juya kai don su yi ƙara.

"Yaya Zulai, kin gani? Mama ta kai ni wurin mai kitso a Messa. Ta ce irin wannan 'yan ajinmu suke yi."

Ranar na fara jin kalmar Mama a bakinta. Na ce ya yi kyau, don ya yi kyau ɗin, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na shiga ɗaki na zauna. Da babanku ya dawo na gaya masa, ya dube ni kamar na zo masa da labarin aljanu, ya ce in gode wa Allah yarinya tana ci tana ƙoshi tana karatu. Shi da sauƙi. Shi har yanzu Baba ne, babu wanda ya karɓi kujerarsa, in ya shigo gida takan ruga ta karɓi ledarsa. Na yi kishinsa shi ma. Na dafa miyar kuka da daddawar da aka aiko mini daga gida, wadda a da take lashe kwanonta, na aika Sani ya kira ta. Ta zo da ladabi ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi, ta ci burodi da cakulan a wurin Mama.

Aka haifi Aminu, Gwaggo ta yi hidimar suna kamar ita ta haihu. Bayan nan ta yi magana da shugabar makarantar aka ba babanku ɗinkin tenu na shekara mai zuwa. Ku dubi halin da nake ciki: matar da nake jin zafinta ita ce ta buɗe mana ƙofar da muka daɗe muna ƙwanƙwasawa, ko ƙin ta ban samu damar yi da hujja ba. Amma aikin ya ba ni abin da nake jira. Muka biya bashin haya, na ga in an matsa za mu iya ɗaukar makarantar gwamnati da kanmu. Na dame babanku har ya je ya sami Gwaggo. Ba ta yi fushi ba, ko da yake na ga idonta kumbure washegari. Ta ce a bari a gama shekara, a karɓi sakamako, in hutu ya zo sai a tambayi yarinyar inda take so. Na yarda da sauri, don ban taɓa kawowa a raina akwai abin tambaya a ciki ba. Na fara gyara mata gefen gado, na sayi sabuwar tabarma na ɓoye a bayan akwati.

Ranar ba da sakamako Gwaggo ta ce in shirya mu tafi tare, yayarku ce ta ɗaya a ajinsu. Ban taɓa shiga makarantar ba sai ran nan. Na sa atamfar da na fito da ita ran suna, na goya Aminu. An kafa rumfa a fili, iyaye sun cika, ana ta jawabin da ba na ji. Da aka kira sunanta ta fita ta karɓi littafi naɗe da ƙyalle, mutane suna tafi, sai da na danne gwiwata da hannu don kada in miƙe tsaye. Bayan an tashi shugabar makarantar ta zo gaishe da Gwaggo. Mutuniyar kudu ce, mai fara'a, tana riƙe da hannun yayarku. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta sake dubana, ta faɗi wani abu tana murmushi. Gwaggo ta juyo gare ni.

"Madam ta ce kuna kama kamar an tsaga kara. Tana tambaya ko ke ce kika haife ta."

Ban yi tunani ba, bakina ne ya amsa yadda aka koya masa tun ina yarinya. Surukata tana tsaye, baƙuwa tana tambayata a kan 'yar fari a ranar da ake yabonta. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

"A'a, 'yar Gwaggo ce."

A Azare ko yaron goye ya san wannan amsar, uwata ta ba da ita a kaina ina tsaye ban ji komai ba, don na san haka mata masu mutunci suke yi. Gwaggo ma ta sani, ta yi dariyar jin daɗi ta dafa kafaɗata, ta juya ta mayar wa Madam da Faransanci. Ban san yadda ta fassara ba. Abin da na manta shi ne yarinyar nan ba a Azare ta yi wayo ba. Ta tashi cikin 'yan aji da uwayensu suke rungume su a bakin ƙofar makaranta, ran nan ma tana ganin wata tana ɗaga ɗanta sama don ya zo na goma. Ta ji amsata da Hausa, ta sake jin ta da Faransanci. Ba ta yi kuka ba. Ta zare hannunta daga na Madam ta koma gefen Gwaggo ta tsaya, a taksi kuma ta kalli taga har muka iso gida.

Da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki ina ba Aminu nono, Sani yana wasa da murfin kwalba a gefena, sai ga ta ta tsallako tsakar gida, har lokacin tana rungume da littafin. Ta tsaya nesa kaɗan, kamar yadda ɗan maƙwabta yake tsayawa in an aiko shi.

"Yaya Zulai, in tambaye ki?"

"Ina ji."

"In Mama ta mutu, wa zai riƙe ni?"

Babu kowa a tsakar gidan, don haka na dube ta ido cikin ido, abin da ban cika yi ba.

"Ni mana. Wa kike da shi da ya wuce ni?"

Ta dubi Aminu, ta dubi Sani, ta leƙa ɗakin namu da gado ya cinye rabinsa.

"Za ki yarda? Ga naki biyu."

Kafin in haɗa abin da zan faɗa Gwaggo ta ƙwala mata kira daga baranda, ta amsa ta juya da gudu. Da hutu ya zo aka tambaye ta kamar yadda aka yi alkawari. Sai ta kama gefen zanen Gwaggo ta riƙe. Na yi mata bayanin amsar da na ba Madam daga baya, ba sau ɗaya ba, da ta girma ma ta ce ta gane, har tana yi mini dariyar al'adunmu. Amma a ɗakin Gwaggo ta zauna har aka ɗaura mata aure, daga can aka ɗauke ta. Mu ba mu sake komawa gangare ba. Sani ya warke, ku duka kun yi karatu, ita ta zama ungozomar asibiti da mata suke layi don ta karɓi haihuwarsu. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, wata bai taɓa ƙarewa ba tare da aikenta ya iso ni ba.

Shekarun baya da Allah ya yi wa Gwaggo Kaltume rasuwa ku duka kuna wajen gari, ba ku ga zaman makokin ba. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan nan, yayarku tana tsakiya, ni ina gefenta. Matan Birik da na Mokolo suka yi ta shigowa, su gaishe ni a tsaye su wuce, su durƙusa a gabanta su riƙe hannunta suna cewa sai haƙuri, rashin uwa babu daɗi. Tana kuka tana amsawa. Na zauna ina ji har layin ya ƙare. Sai ni ma na matsa na durƙusa a gabanta, na ce Allah ya jiƙan Mama, ya ba ki haƙuri. Ta share hawaye ta ce, amin Yaya Zulai, na gode da kika zo.